Fulogin Denso da na ɗaura wa Corolla da hannuna, da sifanar da ta so ta ɓata min rana

Wata huɗu na yi ina fama da karkarwar motata. Corolla ce ƙirar 2007, mai injin 1.8, irin wadda ta cika titunan Kano. Idan tana gudu ba ka jin komai sosai, amma da zarar na tsaya a danja sai sitiyari ya kama rawa, kujera ta ɗauka, har ruwan gorar da ke gefena ka ga yana motsi. Da safe kuma sai na murɗa makulli sau biyu kafin ta amsa. Ga shan mai. Tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 duk mai mota ya san yadda gabansa ke faɗuwa idan allurar mai ta fara sauka da sauri, ni kuwa tawa gudu take.

Sau biyu na kai ta gareji a cikin watannin nan, kuma duka biyun magana ɗaya aka faɗa min: fulogi ne. Duka biyun na biya kuɗin saitin iridiyam guda huɗu, na bar mota na tafi wurin aiki, da yamma na dawo na ɗauka. Takan ɗan lafa na kwana uku ko huɗu, sai ta koma gidan jiya. Da wutar cek injin ta kama, ƙanena ya zo da 'yar na'urar nan da ake jonawa a ƙarƙashin sitiyari tana magana da waya, ta nuna masa P0303. Ya ce, "Yaya, silinda ta uku ce ba ta ƙona mai yadda ya kamata. Ko fulogi, ko kwayil mai ba shi wuta, ko nozul mai fesa mai." Na ce fulogi kam an canza har sau biyu. Ya ce, "Ka gani da idonka?" Ban gani ba. A nan na yanke shawarar buɗewa da kaina.

Na duba littafin motar, na sami lambar da Toyota ta rubuta: Denso SK16R11. Lambar 11 ɗin da ke ƙarshe tana nufin tazarar milimita 1.1 tsakanin bakin fulogin da ƙarfen da ya lanƙwaso a kansa, kuma a haka yake fitowa daga kamfani, ba a buƙatar a taɓa shi. Na rubuta lambar a takarda na shiga kasuwa. Mai shagon ya yi min gaskiya, ya ce, "Alhaji, akwai mai sauƙi, akwai gangariya. Wanne kake so?" Na ce gangariya. Kuɗin kun san shi, ba sai na faɗa ba, ya ciji aljihu. Shi ya sa da na zo sayen sifanar fulogi mai lamba 16 a wurin wani mai tebur a waje, sai na ɗauki mafi araha, wadda ba ta da ko suna a jikinta, da dogon hannunta da komai a leda ɗaya.

Ranar Asabar da sassafe na fara, motar ta kwana a kashe. Saman injin nan na alminiyam ne, kuma idan ka kwance fulogi yana da zafi kana iya cinye haƙoran ramin, waɗanda makanikai ke kira tiredi, ka jawo wa kanka aikin da ya ninka kuɗin fulogin sau da yawa. Murfin roba na saman injin noti biyu ne masu lamba 10. A ƙarƙashinsa kwayil huɗu a jere, kowanne da notinsa guda, shi ma lamba 10, da soket ɗin wayarsa. Wannan ɓangaren yaro ma zai iya. Sai dai ƙurar hunturu ta taru a bakin ramukan, don haka na sa famfon keke na hure ta kafin in kwance komai, saboda duk abin da ya faɗa ramin cikin silinda zai sauka.

Na farko ya fito lafiya, na biyu ma haka. Da na ɗaga su sama na duba, sai na ji jikina ya yi sanyi. Fulogin iridiyam bakinsa siriri ne kamar tsinin allura. Waɗannan biyun bakinsu mai kauri ne, fulogi ne na gama-gari, wanda kuɗinsa bai kai ko kusa da abin da na biya ba. Na huɗu yana ɗauke da rubutun iridiyam a jikinsa, amma da na goga da babban yatsa sai rubutun ya biyo yatsana, bakinsa kuma har ya cinye. Jabu ne. Na uku kuwa, wanda na'ura ta nuna, ƙin motsi ya yi. Na zuba masa ɗan man sassauta noti, na jira, na riƙa murɗawa kaɗan ina mayarwa, kaɗan ina mayarwa, yana ƙara kamar tsohuwar ƙofa, har ya saki. Da ya fito baƙi ƙirin, jiƙe da baƙin mai, tazarar bakinsa ta buɗe har ba sai an auna ba. Wallahi wannan fulogin ba a taɓa shi ba a zuwana biyu. Ya yi tauri, aka bar shi, aka mayar da kwayil, aka karɓi kuɗina.

Na jera su huɗu a kan kwali na daɗe ina kallo. Ba kuɗin ne ya fi ci min rai ba. Makaniken garejin nan shekara biyar muna tare, idan na je har ruwa yake sa yaro ya sayo min, ni kuma ban taɓa tsayawa a kansa ba saboda na yarda da shi.

To, sababbin fulogin dai babu abin da zan ce sai yabo. Kowanne a kwalinsa, da 'yar hular kwali a kan haƙoran don kada bakin ya bugu, rubutun jikinsu ba ya goguwa, tsinin a tsakiya daidai. Na ɗaura na farko da na biyu da na huɗu: in zura a hankali, in murɗa da yatsu kawai har ya zauna, sannan in sa hannun sifana in ƙara kamar rabin zagaye don washa, wato zoben ƙarfen da ke gindinsa, ta matse. Ba ni da sifanar da ke auna ƙarfin ɗauri, kuma rabin zagayen nan shi ne ƙa'ida ga sabon fulogi mai washa. Kada ka danne da ƙarfin tuwo. Ban shafa wa haƙoran giris ba.

Sai na uku. A nan sifanar araha ta nuna halinta.

A cikin irin wannan sifanar akwai wata 'yar roba mai rami, ita ce ke riƙe farin jikin fulogi don kada ya suɓuce ya faɗa ramin da baki. Da na kwance tsohon fulogin nan mai baƙin mai, man ya shiga cikin sifanar, ban lura ba. Na share ramin da tsumma a kan sanda, na ɗaura sabon, na zaro sifana, na ji ta fito sakayau. Na ɗauko kwayil zan zura, ya ƙi zama. Na danna, ya ƙi, ya tsaya sama da wurinsa da kusan faɗin yatsa. Na haska fitilar waya cikin ramin, sai ga robar can ƙasa ta maƙale a wuyan fulogin, ta karkace gefe guda. Ramin nan zurfinsa ya kai tsawon hannu daga wuyan hannu zuwa yatsa, kuma yatsa biyu ba sa shiga. Na mayar da sifanar ko za ta kama robar, sai ta ƙara danna ta ƙasa. Na gwada filaya, bakinta bai kai ba. Na gwada sukundireba, ina tsoron in fasa farin jikin fulogin da na saya da tsada. Ƙarfe tara na fara wannan kokawa, har goma da rabi ina nan, rana ta take, gumi yana ɗiga a kan injin. Kuma na yi wa Hajiyarmu alkawarin bayan azahar zan kai ta Zariya gaisuwar rasuwa. Ta aiko yaro sau biyu yana tambaya ko motar ta tashi. A lokacin nan, gaskiya, na yi da-na-sanin buɗe bonet ɗin, har na ɗauko waya zan kira wancan makaniken.

Maƙwabcinmu ne ya cece ni, dattijo, tsohon direban babbar mota. Ya fito zai je shago ya gan ni tsaye, ya ce, "Ɗana, lafiya kake zufa haka?" Na ce, "Baba, roba ce ta maƙale min a rami." Ya leƙa, bai ce komai ba, ya koma gida. Ya dawo da wayar sifok ɗin tayar keke, ya lanƙwasa bakinta kaɗan da filaya kamar ƙugiya, ya ce in riƙe masa fitila. Ya zura ta gefen bango, ya juya ƙugiyar ta shiga ƙarƙashin robar, ya ɗaga kaɗan, ya koma ɗaya gefen ya ɗaga kaɗan. Bai fi minti uku ba sai ga ta a tafin hannunsa, tana naso da mai. Ya ce, "Wannan robar ta kwancewa ce. Idan za ka ɗaura, cire ta ka ajiye. Ka sami guntun tiyo, ka cusa kan fulogin a ciki, ka zura ka fara murɗawa da shi. Idan haƙori ya hau karkace, tiyon zai zame, ba zai ci maka tiredi ba." Na yi masa godiya har ya ce ya isa.

Saboda haka ina gaya wa duk mai niyyar wannan aiki: kada ka sayi irin sifanar nan marar suna. Robarta ba a manne take ba, sanya ta kawai aka yi. Ka nemi mai maganaɗisu a ciki, ko wadda robarta ta kama gam ko ka ja da filaya. Dogon hannun ma da aka haɗo da ita yana zarewa daga kan sifanar, sai da na naɗe mahaɗar da salatif. Kuma a kula da 'yan maɓallan soket ɗin kwayil, zafin inji na shekaru ya busar da su. Na uku ya karye a hannuna duk da a hankali na danna, yanzu da igiyar roba na ɗaure shi.

Da na mayar da komai na murɗa makulli, bugu ɗaya ta tashi. Na zauna ina sauraro. Na ɗora hannu a kan sitiyari, shiru. Na sa giya na taka burki kamar ina danja, na kunna na'urar sanyi, nan ma shiru, sai ɗan gurnanin inji mai daɗin ji wanda na manta da shi. Ƙanena ya zo da na'urarsa ya goge lambar P0303, wutar cek injin ta mutu. A hanyar Zariya, wajen Kwanar Ɗangora, na fito zan wuce wata tirela, na taka totur, motar ta miƙe ba tare da fizgar nan da ta saba yi ba. Hajiya da ke baya ta ce, "Yau kuma motar taka ta daina tari." Mun je mun dawo, allurar mai ta sauka ƙasa da yadda na saba gani a wannan tafiyar. Ban auna lita-lita ba, amma na san motata.

A ranar da a ce an tambaye ni, cewa zan yi kowa ya je ya sayi fulogin nan, matsalarsa ta ƙare. Yau sati uku ke nan, kuma dole in rage zaƙin maganar. Shekaranjiya da safe na ji 'yar karkarwa kaɗan, ta minti ɗaya, ta wuce. Na zare kwayil na uku na haska, sai ga baƙin mai ya fara taruwa a ramin kuma, ya jiƙa robar kwayil ɗin. Wannan ba laifin fulogi ba ne. Gaskit ɗin, wato robar da ke hana mai fita a ƙarƙashin murfin ƙarfe na saman inji, shi ne ya bushe yake yoyo ta zoben da ke kewaye da ramin, kuma in aka bar shi man zai ci robar kwayil, wuta ta riƙa tsallakewa gefe. Littafin motar, na ƙasar Amurka, ya ba irin wannan fulogin mil 120,000, amma da ƙurarmu da irin man da wani lokaci ake zuba mana, ga kuma yoyon nan, ban sa ran zai kai haka ba. Abin da ya sake tayar min da hankali shi ne, duk wanda ya zare kwayil ɗin nan sau biyu ya ga man nan da idonsa. Gyara ne na awa ɗaya ko biyu. Da ya faɗa min, da na biya ba gardama.

Fulogin Denso zan sake saya, kuma da lambar a rubuce zan je, in buɗe kwalin a gaban mai shago in goga rubutun da yatsa. Sifanar na ba yara suna wasa da hannunta, na ajiye wayar sifok ɗin Baba a akwatin kayan aiki. Gaskit ɗin ba zan yi da kaina ba, domin akwai wuraren da ake ɗiga gam a kusurwar murfin kuma notocin suna da tsarin ɗauri, ban shirya koyo a kan motar da nake kai yara makaranta da ita ba. Baba ya haɗa ni da wani yaronsa mai gareji a Hotoro, Asabar mai zuwa zan kai, zan kuma ja benci in zauna a wurin har a gama. Tsofaffin fulogin huɗu suna cikin leda a aljihun gaban mota. Sau biyu ina bi ta ƙofar tsohon garejin ina rage gudu, ban dai tsaya ba tukuna.