Kafin ki sayi fida, duba kanta da wuyanta da girmanta

Ƙanwata Maryam ta haihu a ƙarshen damina. Da hutun haihuwarta ya kusa ƙarewa, aka tsayar da cewa za ta riƙa tatsar nono ta bar wa Hajiyarmu, ita kuma ta koma makarantar da take koyarwa wajen Ƙofar Ƙaura. Muka shiga babbar kasuwar Katsina neman fida, mai shago ya jera mana kala biyar a kan teburi. Maryam ta ɗauki mafi girma, mai zanen furanni, ta ce, "Yaya, wannan ba ta isa ba? Ai duk roba ce." Da ni ma haka na ɗauka, sai da na raini 'ya'ya uku na gane cewa ƙirar fida tana juya hannun mai shayarwa ba tare da ta sani ba.

Bari in fara da abin da ma'aikatan lafiya ke faɗa a wurin awo, domin gaskiya ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba jariri nonon uwa zalla har wata 6, a ci gaba da shayar da shi har shekara 2 ko fiye. Idan kuma uwa za ta fita, ƙaramin kofi mai tsabta ya fi fida sauƙin wankewa, kuma ko bakwaini yana iya sha da shi. Saboda haka kofi ma yana cikin abin da za ki zaɓa. Sai dai na san ba kowace kaka ko mai raino ce ke da haƙurin kofi ba, kuma akwai marayu da tagwaye. Su na tuna da nake wannan rubutu.

Kan fida, wato robar da jariri ke tsotsa, shi ne abu na farko. Ana yin sa da ƙofa iri-iri, kamfanoni kan rubuta lamba 1, 2, 3 ko watanni a jikinsa, amma lambar wani kamfani ba daidai take da ta wani ba. Ki cika fidar da ruwa ki kifa ta. Idan ruwan yana ɗiga ɗis-ɗis, madalla. Idan ya zubo kamar an buɗe famfo, ajiye ta. A nono, jariri sai ya yi aiki kafin ruwa ya sauko, ya tsotsa ya huta ya numfasa. Mai faɗin ƙofa kuwa tana cika masa baki, dole ya haɗiye ko ya ƙware. Uwa ta ga ya shanye cikin minti uku, sai ta ce ashe yunwa yake ji, nonona ba ya isar sa. Daga nan ake fara sayen madarar gwangwani, yaro ya saba da sauƙi ya fara ƙin nono, nonon kuma ya ragu saboda ba a tsotsa. Na ga wannan a gidaje da yawa, kuma kusan kullum uwar ake ɗora wa laifi, ba wanda ya kalli ƙofar robar.

Ɗana na fari haka na yi masa. Wata 'yar'uwa ta ce ƙofar ta yi ƙanƙanta, ta gasa allura ta faɗaɗa ta don koko ya wuce. Yaron ya yi ta tari, idonsa ya yi ja, koko na fita ta hanci. Tun ranar ban ƙara zuba koko ko kunu a fida ba, cokali da kofi ne nasu.

Kan fida iri biyu ne. Akwai mai ruwan ƙasa-ƙasa na robar lates, yana da laushi da araha, amma zafi na saurin lalata shi ya yi danƙo, ga bazarar Katsina da kan kai digiri 40. Akwai kuma fari garau na silikon, ya fi jure tafasawa, kuma datti ba ya ɓuya a cikinsa. Ni silikon nake zaɓa. Ki tambayi mai shago ko yana sayar da kan shi kaɗai, don shi ke fara mutuwa.

Sai wuya. Mai faɗin wuya, irin ta Philips Avent ko Tommee Tippee, buroshi yana shiga har ƙasanta, garin madara ma ba ya zubewa wajen aunawa. Siririyar ta fi araha, amma a kafaɗarta madara ke maƙalewa ta yi tsami, kuma nan gudawa ke samo asali. Waɗanda aka lanƙwasa su kamar ayaba ko aka yi su da siffar dabba, kyansu na ido ne kawai. Akwai kuma masu bututu a ciki, irin na Dr. Brown's, da aka yi don rage iskar da jariri ke haɗiya. Wasu iyaye suna yabawa. Amma ƙirga sassan: kowane ɗan bututu sai an wanke shi da nasa buroshi, an tafasa, sau shida ko bakwai a yini. A gidan da 'yan garuwa ke kawo ruwa, wuta kuma sai an gan ta, fida mai sassa huɗu ta fi mai bakwai.

Game da jikinta, nemi rubutun da ke nuna babu BPA, wani sinadari da ake sawa a wasu robobi wanda ake gudun illarsa ga lafiya. Tarayyar Turai ta hana shi a fidar jarirai a 2011, Amurka ta biyo baya a 2012, amma kayan da ba su da sunan kamfani ba wanda zai ba ki tabbaci. Lamba 5 ko haruffan PP a gindin roba alama ce ta irin da aka fi amfani da ita yanzu. Ta gilas ba ta riƙe wari, ba ta dushewa, tafasa ba ya yi mata komai, sai dai nauyi da fashewa, musamman inda 'yar shekara goma ce ke goyo. Robar da ta yi hazo ko ta kakkarce a ciki, lokacinta ya wuce.

Girma ne abin da muka fi jayayya a kai da Maryam. Akwai ta mil 125, akwai ta 260. Ranar da aka haifi jariri, cikinsa bai fi ya ɗauki cokalin shayi ɗaya ko biyu ba, kuma ko ɗan wata uku mai shan nonon uwa ba kasafai yake wuce ƙaramar ba a zama ɗaya. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2016 ya gano cewa jariran da ake ba madara a manyan fida sun fi yin ƙiba da wuri. Dalilin a fili yake ga duk wadda ta taɓa riƙe fida. Idonki yana barin fuskar yaro ya koma kan layukan awo. Ya kau da kai, ya saki hannuwansa, ya ƙoshi, amma ke kina ganin saura mil 40 na madara mai tsada ko na nonon da aka sha wahalar tatsa, sai ki ƙara cusa masa. Hajiya ma haka take: "Bari ya ƙarasa, kada a yi asara." Da ƙaramar fida ragowar kaɗan ce, zuciya ba ta ƙin zubarwa. Zubarwar kuwa dole ce, don madarar gwangwani da jariri ya sa wa baki ba ta wuce awa ɗaya. Tatsattsen nonon da bai sa wa baki ba kuma awa 4 yake yi a ɗaki mai sanyi, a zafinmu gara a sa shi a firji ko a kula mai ƙanƙara.

A ƙarshe Maryam ta ɗauki ƙanana biyu masu faɗin wuya, da kan silikon mai lamba 1, da buroshi, da tukunya mai murfi da ba za a dafa komai a ciki ba sai tafasa su na minti 10. Da yamma na zauna da Hajiya a tsakar gida, na nuna mata yadda za ta tallafe jaririyar a zaune, ta riƙe fidar a kwance-kwance maimakon ta tsayar da ita, ta dakata in ta ga yarinyar ta tsaya, kuma kada a tokare fida da matashi a bar ta ita kaɗai. Hajiya ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "To, a bar min kofin ma kusa, da shi na raini Baffanku da uwarsa ta rasu."