Jirgin igiya na dutsen Takao: yadda ake biyan kuɗi a je kallon ganye a Japan

Assalamu alaikum Yaya, da fatan an tashi lafiya, ya su Inna, ya yara. Ka ce in riƙa ba ku labarin yadda abubuwa suke a nan Japan ba wai hoto kawai ba, toh yau dai ga labarin dutsen Takao, wanda kuka ga jajayen bishiyoyinsa. Ba fenti ba ne, haka Allah yake mayar da ganyen idan kaka ta yi. Da zarar rana ta fara gajarta sanyi ya shigo, sai koren da ke cikin ganyen ya janye, wani ya koma rawaya wani ja jawur, musamman itacen da suke kira momiji mai ƙananan ganye. Abin yana farawa ne daga Hokkaido can arewa tun watan Satumba, ya riƙa gangarowa kudu a hankali, mu nan Tokyo sai tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba yake isowa, daidai lokacin da ku hunturu yake kankama kuka tana zubar da nata ganyen. Har a talabijin ake sanarwa tare da hasashen yanayi, wai yau ja ya iso gari kaza.

Dutsen yana Hachioji ne, yammacin Tokyo, kuma ba wani tsawo ne da shi ba, mita 599 ne kacal. Daga tashar Shinjuku ka hau jirgin ƙasa na layin Keio, wajen minti 50 ka sauka a Takaosanguchi, kuɗin bai kai yen 500 ba, kuma ba ruwanka da neman canji, katin nan Suica da nake shiga jirgi da shi kullum shi zan ɗora a ƙofa ta buɗe. In ka fito tafiyar 'yan mintuna ce a ƙafa zuwa gindin dutsen inda tashar jirgin igiyar take, sunanta Kiyotaki.

Shi wannan jirgin igiya shi ne ya fi tsaya min a rai wallahi. Kar ka ɗauka irin wanda yake lilo a sama ne, a'a, a kan dogo yake tafiya, igiyar ƙarfe ce take jan shi daga sama. Tarago biyu ne ɗaure a igiya ɗaya, in wannan yana hawa wancan yana sauka, nauyin mai saukar yana taimaka wa mai hawa, shi ya sa injin ba ya shan wahala sosai. Dogon guda ɗaya ne, sai a tsakiyar hanya ya rabu biyu su wuce juna, mutanen ciki suna ɗaga wa juna hannu, sannan ya sake haɗewa. Tsawon hanyar kamar kilomita 1 ne, minti 6 an kai, kowane tarago yana ɗaukar mutum 135. Kusa da ƙarshe hanyar takan miƙe sosai har digiri 31, babu irinsa a duk Japan wajen miƙewa, ina tsaye riƙe da ƙarfe na ji nauyina gaba ɗaya ya koma baya, wata tsohuwa da ke zaune gabana ta kama jikarta tana dariya, ga rassan jan ganye ta taga kusa-kusa har ganyen yana faɗowa kan dogo muna bi ta kai.

Yanzu ga inda nake so ka duba. An buɗe wannan layin tun 1927. Ya tsaya lokacin yaƙin duniya na biyu, suka dawo da shi a 1949, kuma har yau yana aiki, ana canza tarago ana canza igiya ana duba birki. Kusan shekara ɗari kenan fa Yaya. Ka tuna wurin shaƙatawar nan na garinmu da muke kai yara da sallah, da lilon ya lalace aka ce za a gyara bayan sallah, har yaran da suka hau shi suka yi aure yana nan ya yi tsatsa? Wannan abin yana ci min rai, don ba kuɗin sayen sabo ne muka rasa ba, muna saya, mai kula da shi bayan an yanke zare ne babu. Mu ma ai muna da jirgin igiya, an yi ɗaya a Obudu ta jihar Kuros Riba a 2005 zamanin gwamna Donald Duke, kuma ya fi wannan tsawo nesa ba kusa ba. Ga tsaunin Mambilla, ga duwatsun Jos, ga Kufena a Zariya, ba kyan wuri suka fi mu ba.

Batun kuɗi kuwa, tikitin zuwa da dawowa na babba kusan yen 1,000 ne, yaro rabi. In ka juya shi zuwa naira za ka ce da tsada, amma ni ba haka nake lissafi ba yanzu. Mafi ƙarancin albashi a Tokyo ya haura yen 1,100 a awa, kenan mai wanke kwanuka a gidan abinci in ya yi aikin awa ɗaya ya biya kuɗin hawa da sauka, in ya yi awa biyu har da jirgin ƙasa. Shi ya sa za ka ga leburori da ɗalibai da tsofaffi 'yan fansho duk a layi ɗaya, ba wurin masu hali ba ne kawai. Kuma farashin a rubuce yake, ɗan ƙasa da baƙo duk ɗaya, ba mai kallon fuskarka ya ƙara maka.

Amma fa cunkoso, kai! Miliyoyin mutane ne suke hawa dutsen nan duk shekara, kuma Asabar da Lahadi na Nuwamba kamar duk ranar suka zo, layin tikiti ya fito har waje, mun daɗe a tsaye ƙafa ta yi sanyi. A ƙa'ida duk minti 15 jirgi yake tashi, in jama'a sun yi yawa sai su ƙara sawu, ma'aikaci yana tsaye da allo a ƙarshen layi yana nuna inda za ka tsaya, ba mai shigowa ta gefe ya ce shi ɗan wane ne. Wanda ba zai iya jira ba akwai kujerar lilo mai cin mutum biyu, ita minti 12 take yi, ko kuma ya taka da ƙafa kyauta.

In ka sauka a sama da sauran tafiya, wajen minti 40 zuwa ƙololuwa, hanyar a gyare take har masu turin keken jarirai suna bi wani ɓangaren. Za ka wuce ta wurin bautarsu na Yakuo-in, mu dai mun wuce abinmu. Daga ƙololuwa in gari ya washe ana hango dutsen Fuji da farin ƙanƙara a kansa. Banɗaki akwai har can sama, a tsabtace, da ruwa, ba a karɓar ko sisi. Kwandon shara ne babu, da gangan suka cire, kowa ya zuba tasa a jaka ya koma da ita gida, kuma da duk wannan taron ban ga ledar ruwa ko ɗaya a ƙasa ba. Abin da ya ƙara min daɗi, mutanen da a cikin jirgin Tokyo ba mai ɗaga kai ya kalle ka, a kan dutse sai ka ji suna gaishe ka, konnichiwa konnichiwa, har tsofaffi.

Inda gida ya fi su shi ne abinci da wurin sallah, wannan kam ba tantama. Suna gasa wani abu dango, curin garin shinkafa ne guda uku a tsinke kamar tsire, ƙamshi har ya ishe ka, amma miyar da ake shafa masa sau da yawa akwai mirin a ciki, wato giyar girki, haka romon taliyar soba da wurin ya yi suna da ita, sai ka yi ta tambaya mai sayarwa ma bai gane me kake gudu ba. Ni dai da dafaffen ƙwai da burodi na je, na sayi shayi mai zafi a injin sayar da lemo, shi ma ya fi na cikin gari tsada don hawa da shi ake yi. Azahar kuwa gefe na samu bayan wasu bishiyoyi na shimfiɗa darduma, ba wanda ya ce min kanzil, amma alwala da ruwan nan mai sanyi sai da yatsuna suka ƙage. A gida ko tashar mota ce ba ka rasa masallaci da buta da mai shayi.

In Allah ya sa zuwan naka ya yiwu ka daidaita shi da ƙarshen Nuwamba, mu je ranar aiki da sassafe kafin layi ya taru, ka taho da rigar sanyi mai kauri. Saƙon da za a ba mai zuwa kuma a sa min yaji da kuka da daddawa, kar a sa kilishi don Allah, kwastan ɗinsu ba sa barin nama ya shigo kuma tararsu ba wasa. A gaida Inna sosai, a ce mata ina nan lafiya.