Gargaɗi ga 'yan gem na Kaduna: a kula da mai loda primogems da araha ɗin nan

Salam 'yan uwa. Na daɗe ina jan ƙafa kan rubuta wannan abu saboda kunya, to amma jiya da daddare na ga mutumin nan da ya damfare ni a gem ɗin Genshin Impact ya sake ɓullowa a wani gurup na WhatsApp da sabuwar lamba, har wani yaro ɗan Malali yana tambayarsa "oga nawa ne Welkin ɗinka" (Welkin wani katin wata-wata ne da ake saya a gem ɗin), sai na ce a'a, gara a yi min dariya da in zuba ido a yanki wani.

Ni dai na fara buga Genshin Impact tun 2021, amma nutsewa ta gaske lokacin yajin aikin ASUU na 2022 ne, wata takwas cur daga Fabrairu zuwa Oktoba muna zaune a gida Tudun Wada, ba lakca ba aikin yi, in NEPA sun ɗauke wuta in kai waya shagon caji in tsaya a kanta kamar mai gadi. Wanda bai taɓa buga irin wannan gem ba ba zai gane abin da zan faɗa ba, kuma ban ga laifinsa ba. Karakta ɗaya nake da ita da nake ji da ita, Hu Tao. Ku da kuke ciki kun san wahalar, primogems (kuɗin cikin gem ɗin) 160 ne jan ƙuri'a ɗaya, kuma sai ka iya kai wa ja 90 kafin karakta mai tauraro biyar irin su Hu Tao ta fito, ta fito ɗin ma ba tabbas wadda kake so ce ba, ni wata Qiqi da ba ita nake nema ba na fara samu, ranar ko abincin dare ban ci ba. Da na same ta kuma sai aka shiga neman kayan da za ta saka, kullum in ƙone resin (ƙarfin da ake kashewa wajen karɓar kaya a gem ɗin) a wuri ɗaya wata da watanni, daga baya na yi tari na samo mata mashin nan mai tauraro biyar, Staff of Homa. Har gida na gina a cikin butar shayin nan da gem ɗin ke ba ka don gini, na jera kujeru da fitilu da hannuna. Umma in ta leƙo ɗaki sai ta ce "kai da 'yar tsanar nan taka dai", ni kuma in yi dariya, don gaskiya ta faɗa, na san zane ne, amma shekara uku na rayuwata na cikin zanen nan.

To wannan shaƙuwar ita ce jarin mutumin. Ku riƙe wannan da kyau domin a nan ya fi sauran 'yan damfara wayo.

Bai zo min da talla ba. A gurup muka haɗu, ya ce shi ma ɗan Kaduna ne wajen Barnawa, muka riƙa shiga wasa tare, ya taya ni kashe dodanni, yana "mutumina" yana "baba", yana tambayata wace karakta na fi so, yaushe na same ta, wane makami ke hannunta. Ni a zatona hira ce ta 'yan gem, ashe lissafi yake yi, yana auna inda zai kama ni ya yi zafi. Kusan sati uku a haka bai nemi ko sisi ba.

Kun tuna lokacin da bankuna suka taƙaita biyan dala da katin naira, aka dawo dala 20 a wata a 2022, daga baya da yawansu suka rufe gaba ɗaya? Wannan ne ya buɗe wa irinsu kasuwa, don Welkin ɗin da ake sayarwa dala 4.99 yana ba ka primogems 90 kullum har kwana 30, kuɗin na aljihunka amma ba hanyar biya. Shi kuma ya ce yana da "hanya", kusan rabin kuɗi. Ya turo sikirinshot na mutanen da ya yi wa, wasu ma na san su a gurup ɗin, kuma da gaske ya loda musu. Sai daga baya muka gano da katin sata yake biya, in mai katin ya kai ƙara banki aka janye kuɗin sai ka wayi gari primogems ɗinka sun koma ƙasa da sifili, bashi a kanka, in ba ka cike ba akawun ɗin na iya tafiya. Mutum biyu a gurup ɗinmu haka ta same su. Ni nawa ya fi muni.

Ya ce sai ya shiga akawun ɗina da kansa, in ba shi imel da fasawod, minti biyar ya gama. Na ɗan yi jim, sai ya ce "haba mutumina, ni ne fa", wallahi kalmar nan ce ta kashe ni. Na tura. Lambar tabbatarwa ta shigo imel ɗina ya ce in karanto masa, na karanto. Can sai ya ce netwok ya yanke, wata za ta sake shigowa, in yi sauri kafin ta mutu. Ina cikin Keke a Ahmadu Bello Way lokacin, hayaniya, rana, ban tsaya karanta saƙon ba na kwafi lambar kawai na tura. Ta farkon ta shiga da sabuwar waya ce. Ta biyun ta canza imel ce, a rubuce yake ɓaro-ɓaro a cikin saƙon, da na isa gida na gani, lokacin an riga an fitar da ni.

Da magariba sai ga hoto. Ya buɗe shafin ƙarfafa makami, ya cire makullin Homa ɗina ya ɗora ta a matsayin abincin wani banzan mashi mai tauraro uku, saura ya danna kawai. A ƙasa ya rubuta "dubu 40 kafin goma na dare ko ta tafi". Ya san ba a iya goge karakta, amma ana iya tsiraita ta, kuma ya san abin da na sha kafin in haɗa kayan nan tunda ni da bakina na ba shi labari. Jikina har rawa yake. Na ranci dubu 15 wajen yayana na ce masa kuɗin handawut ne (Allah ya yafe min, na biya shi daga baya), na tura wani akawun mai sunan mace, da alama na mai POS ne. Alat na shiga ya ce saura 25. Na ce ba ni da shi, in ya yi haƙuri zuwa Juma'a. Bulok.

Kada wanda ya biya irin wannan kuɗin, don Allah. Biyan da na yi shi ya nuna masa akwai sauran ruwa a jikina.

Abin da ya cece ni rasit ne. Na cike fom ɗin dawo da akawun na kamfanin gem ɗin, suna tambayar lokacin da ka buɗe, wayar da ka fara bugawa da ita, da shaidar abin da ka taɓa saya, ni kuma Allah ya sa rasit ɗin Welkin ɗina na farko na Google Play yana nan kwance a imel tun 2021. Bayan jira mai tsawo aka maido min. Na shiga, ga Hu Tao nan tsaye a garin Liyue na cikin gem ɗin riƙe da mashin 'yan koyo, ba Homa, ba kayan da na yi wata da watanni ina haɗawa, duk ya narkar. Na daɗe ina kallon allon. Umma ta shigo ta ga fuskata ta ce "wai a kan 'yar tsana kake wannan abin?", ban iya ba ta amsa ba.

Don haka ga abin da nake so ku ji. Duk hanyar loda kuɗi ta gaskiya UID ɗinka (lambar shaidarka ta cikin gem ɗin) da sabarka kawai take nema, ba fasawod, ba lambar da ta shigo imel. Wanda ya ce sai ya shiga ciki, ko wa ye, ko kun shekara kuna wasa tare, a'a. Shi wannan ɗin har sayar da akawun yake yi, "ga mai Raiden C2 da araha" (wato akawun mai karakta Raiden da aka ƙara wa ƙarfi mataki biyu), to ku sani dokar gem ɗin ta hana saye da sayarwa, kuma fom ɗin da ya maido min nawa shi ne asalin mai shi zai cike ya ƙwace abinsa bayan kun biya, ba inda za ku kai kuka. In har an riga an ci mutum, ya kira bankinsa a take ya ajiye duk sikirinshot, EFCC ma suna da ofis a nan Kaduna, ni jinkiri da kunya suka sa ban yi da wuri ba.

Yadda za ku gane shi: lamba yana canzawa, sunan akawun ɗin da ake tura kuɗi ma kullum daban, amma salon ɗaya ne, zai fara da "wace ce babbarka a gem ɗin nan mutumina", kuma ba ya yarda a haɗu ido da ido, na taɓa ce masa mu haɗu Kasuwar Barci ya ce yana Zariya. Admin-admin na gurup don Allah ku duba sababbin shiga na satin nan. Yaron Malali ɗin nan na yi masa magana ta gefe, ya ce har ya tura imel saura fasawod.