Lauyan shari'ar ma'aikata a arewacin Kamaru: ina za ka dosa bayan shekara biyar?

Ka gama koyon aiki na shekara biyu, ka ƙara wasu shekaru kana ɗaukar jakar babban lauya zuwa kotu. Yanzu dokar ƙwadago ta 1992 ta zauna maka a kai, kuma ƙofofi uku ne a gabanka.

Ta farko babban ofishin lauyoyi ne a Duwala ko Yawunde. Can kuɗi ya fi, domin kamfanoni ne abokan hulɗa, kuma suna biya a kan kari. Amma ka sani mai kora za ka riƙa karewa, ba wanda aka kora ba. Kafin ka amince, ka tambaya: kai za ka tsaya gaban alƙali, ko rubutu kawai za ka yi wani ya karanta? Za a bar ka ka riƙe naka mutanen a gefe? In an ce a'a ga duka biyun, kuɗin bai isa ba.

Ta biyu ita ce shiga kamfani a matsayin mai ba da shawara kan shari'a, irin su Sodecoton, kamfanin auduga da hedkwatarsa ke Garuwa. Wata ya ƙare, kuɗi ya shigo, ga rajistar CNPS, asusun inshorar ma'aikata na ƙasa, don tsufa. Sai dai lauya ba ya haɗa baƙar riga da aikin albashi. Za ka rataye ta.

Ni dai zuciyata tana ga ta uku: ka zauna a nan, ko ka haɗa hannu da ƙaramin ofishi a Garuwa, Marwa ko Ngaundere, inda kowanne ke da kotun ɗaukaka ƙara. Ba zan ɓoye maka ba, shekarun farko akwai wuya. Wanda zai shigo maka shi ne direba ko maigadi, da takardun albashi a naɗe cikin leda, ya ce: "Ranka ya daɗe, shekara tara na yi musu, da baki kawai aka sallame ni." Ba shi da ko sisi na kafin alƙalami. Kai za ka raka shi wurin sufeton ƙwadago, domin ba a zuwa kotu sai sulhu ya gagara an ba da takardar shaida. Kai za ka gaya masa da Hausa ko Fulatanci cewa diyyar korar zalunci ba ta gaza albashin wata uku, ba ta kuma wuce wata ɗaya kan kowace shekarar aiki, sannan bashin albashi in ya haura shekara uku ba a nema ba, ya tafi. Lauyan Duwala ba zai iya yi masa wannan ba.

In kuwa Njamena ke ranka, ka lura: dokokin OHADA, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka, sun haɗa Kamaru da Chadi a harkar kasuwanci, amma ƙwadago kowa da nasa. Chadi tana da dokarta ta 1996, sai ka sake zaman karatu.