Akwatin ajiyar fayil na gida: wanne ne zai tsare wa kowa jakarsa?

A gida irin namu na Nima ko Mamobi a Accra, inda maigida da yara da 'yan haya duk suke kan Wi-Fi ɗaya, in za ka sayi akwatin ajiyar fayil (NAS), wato na'urar da ake sa wa faifai kowa ya ajiye fayilolinsa a ciki ta hanyar sadarwar gidan, kada girman ma'aji ya ɗauke maka hankali. Fara da tambayar wa zai buɗe wace jaka, wa zai karanta kawai, wa kuma zai iya gogewa.

Ni dai akwatin kamfanin Synology na zaɓa, irin DS224+ mai ɗaukar faifai biyu. A manhajar da ke tafiyar da shi, mai suna DSM, kowa da sunansa da kalmar sirrinsa, kuma kana iya haɗa su rukuni-rukuni. Kowace jakar tarayya zaɓi uku gare ta: karatu kawai, karatu da rubutu, ko babu shiga. In izini biyu suka ci karo, hani ne ke rinjaye, sannan rubutu ya danne karatu. Lura da wannan sosai, domin yaron da ke rukunin masu karatu, in sunansa ya faɗa rukunin masu rubutu, zai iya share komai. Kwandon sharar jaka ma ana iya kulle shi ga mai kula kaɗai, sannan tsarin ajiyar fayil mai suna Btrfs yana adana yanayin jaka lokaci-lokaci, ka dawo da na jiya. Tun ranar da ɗan ƙanwata ya goge hotunan walimar saukar karatu, wannan nake fara dubawa.

Akwatin kamfanin QNAP ma yana raba izini yadda ya kamata, amma harin Deadbolt na 2022, da ya kulle fayilolin jama'a ana neman kuɗin fansa, ya sanyaya min gwiwa. TrueNAS, manhajar da ke mayar da kwamfuta akwatin ajiya, kyauta ne, sai dai yana son RAM 8GB da kwamfutar da za ta kwana tana cin mita. OpenMediaVault kuwa, shi ma irin wannan manhajar, izininsa hawa biyu ne, na tarayya da na faifai, sabon shiga sai ya rikice.

To ɗan'uwa, babbar cuta a wajen faifai take. Ko a shagunan Circle na Accra ko a intanet, ana sayar da tsohon faifai cikin sabuwar leda. A 2025 an gano faifan Seagate da suka daɗe suna aiki ana sayar da su a matsayin sabbi, bayan an goge lissafin awannin aikinsu na SMART, wato bayanan lafiya da faifai ke ajiyewa game da kansa. Bayanan FARM, wani lissafi na daban da ke cikin faifan Seagate, su ne suka tona asiri. Don haka a jona maka shi a shagon, ka ga awannin da idonka, har da na FARM in yana da shi, ka duba lambarsa a shafin garantin kamfanin. CMR da SMR hanyoyi biyu ne na rubutu a kan faifai: nemi faifan CMR, ka guji na SMR. In akwatin ma na hannu ne, mayar da shi yadda ya fito daga kamfani, don asusun tsohon mai shi na iya zama a ciki. Wanda ya ƙi ba ka rasit mai lambar faifan, riƙe sidinka ka wuce. Sannan ka ware kuɗin UPS, wato batirin da ke riƙe na'ura in wuta ta ɗauke, tun farko, domin dumso (ɗaukewar wuta) ba ya jiran faifai ya gama rubutu.