Sakhr AX-170 da ƙarin RAM: a farke ciki ko a soka sharit?

Ɗan'uwa, na ga tambayarka. Ka ce ka tsinci Sakhr AX-170, tsohuwar kwamfutar nan mai Larabci, a kasuwar gwanjo ta Sawarik a nan Jidda, tana kamawa lafiya, kana son ƙara mata RAM, wato ma'adanar da take aiki da ita tana kunne, don ta riƙa karanta katin memori. Wani mai gyara ya ce ka kawo ya farke ta, ya sa manyan aisi (IC, ƙananan na'urorin da ke liƙe a bodinta), ya canja mata ROM, wato aisin da manhajarta ta asali ke ciki, ta koma MSX2, samfurin da ya biyo bayan nata. Wani kuma ya ce sharit mai RAM za ka saya ka soka, wato kaset ɗin da ake cusawa a ramin injin daga waje. Ni na bi hanyoyin biyu da kaina, kuma ta farkon ta taɓa cinye mini inji guda.

Kafin a kai ga zaɓi, ka san abin da ke hannunka. Sakhr ta kamfanin Al-Alamiah ce na Kuwait, na marigayi Muhammad al-Sharikh, kuma an gina ta a kan tsarin MSX da ya fito daga Japan a 1983. AX-170 MSX1 ce, RAM ɗinta 64KB, na hoto 16KB. Firosesarta Z80 ba ta iya ganin abin da ya wuce 64KB a lokaci guda, ko ka jibge mata RAM cikin buhu. An raba wannan 64KB ɗin shafi huɗu, kowanne 16KB. Duk RAM da ya haura haka sai da wata da'ira da ake kira mafa, wato mai juya shafi, ita ke ɗauke wani yanki ta kawo wani. To ga inda gizo ke saƙar: mafa da MSX2 ta zo, a 1985. BIOS ɗin MSX1, wato manhajar cikin ROM da ke tayar da inji, bai san da zamanta ba, don haka in an kunna inji ba ya saita ta.

Hanyar mai farke ciki ta fi wuya a daidai nan. Mutane na ɗauka cire ƙaramin aisi a sa babba shi ke nan, alhali ba haka abin yake ba. Ɗauki aisin RAM 4164 da babbansa 41256 misali. Ƙafafunsu goma sha shida-shida ne, suna shiga rami ɗaya. Amma ƙafa ta ɗaya da ke zaune banza a 4164, a 41256 layin adireshi ce, sai an ja mata waya daga mafar da za a gina. Ga kuma wata ƙaya: irin wannan RAM ɗin yana mantuwa in ba a riƙa zagayawa ana tuna masa ba, Z80 kuwa layi 128 kawai take zagayawa da kanta, 41256 na buƙatar 256. In mai gyara bai yi wa wannan dabara ba, inji zai kama, ka yi murna, can kana tsakiyar wasa ya daskare, ka yi ta zargin zafi ko wuta.

Batun mayar da ita MSX2 kuwa, ROM kaɗai ba ya yin haka. BIOS ɗin MSX2 yana neman aisin hoto V9938 na Yamaha da RAM ɗin hoto aƙalla 64KB, yana neman aisin agogo, ga ƙarin ROM na 16KB da ake haɗa masa. Aikin ya zama dashen rabin inji ke nan. Akwai gwanaye da suke yi, ban musa ba. Sai dai abin da ya fi damuna shi ne Larabcin. Haruffan da ke fitowa a allo, da jadawalin da ke gaya wa inji wane maɓalli aka danna, duk a cikin ROM suke zaune. Ka ɗauko BIOS ɗin injin Turai ko na Japan ka dasa, abin da ke rubuce a kan maɓallai da abin da zai fito ba za su jitu ba. Sakhr da ba ta rubuta Larabci daga dama zuwa hagu, me ya rage mata da ya sa ka ɗauko ta daga Sawarik?

Tawa da ta mutu, AX-170 ce irin taka. Na kai wa wani mai gyara ya cire mini aisi, ya cika wa bodin zafi, layukan tagulla suka ɗago kamar ɓawon albasa. Bodin da ya kusa shekara arba'in ba ya jure dalma sau biyu. Kuma ban kwafi ROM ɗin ba kafin a fara, wannan laifina ne ni kaɗai.

Sharit kuwa da nasa RAM da tasa mafa yake zuwa, ba a kwance ko noti ɗaya. Sharit ɗin Carnivore2 misali yana da 1MB da ramin katin memori na CF, MegaFlashROM SCC+ SD kuma akwai mai 512KB da ramin ƙaramin kati. Dukansu suna tafiya da Nextor, manhajar da ke karanta katin, wanda ke buƙatar mafa mai aƙalla 128KB kafin ya yi aikinsa cikakke. In ka gaji, ka kashe inji ka zare, Sakhr ta koma yadda ka saye ta. Amma shi ma ba tuwon gayya ba ne. Tunda BIOS ɗinka ba zai saita mafa ba, dole sharit ɗin ya zama mai saita kansa, saboda haka ka tambayi mai sayarwa ƙarara ko yana aiki a MSX1, don wasu tsofaffin sharit na RAM zalla an yi su ne don MSX2. Sannan injinan Larabci suna da nasu hali wajen tashi, har masu Carnivore2 sun ware wa injinan Larabci da na Koriya manhajar farawa ta daban. In ka soka ka ga allo ya rikice, wannan za ka fara dubawa kafin ka ce an cuce ka.

Abu ɗaya da hanyoyin biyu suka yi tarayya a kai: kada ka sa rai BASIC, harshen rubuta manhaja da ke zuwa a cikin injin, zai nuna maka ƙari. Bai wuce wajen 28KB yake ba ka ba, ko da RAM 1MB ne a jiki, in ma aka haɗa faifai sai ya ragu. Kuma wasannin MSX2 ba za su tashi da sharit ba, don matsalarsu aisin hoto ce. In su ne a ranka, ka bar AX-170 ta huta, ka koma kasuwa ka nemi AX-350 ko AX-370, su tun daga masana'anta MSX2 ne kuma da Larabcinsu.

Ni dai sharit zan ce ka saya. In kuma ka nace sai an farke, a fara kwafe ROM da na'ura irin TL866 a ajiye, a sa soket maimakon liƙa aisi kai tsaye, kuma a bar na asali a aljihun tebur.

Kafin sharit ɗin ya iso, ka goge haƙoran ramin sharit da sifirit, don iskar tekun Jidda tana sa su tsatsa, inji ya ƙi ganin abin da aka soka. Ka kuma duba bayan injin ka ga wutar da yake sha, tunda har yanzu akwai tsofaffin gidaje masu soket na 127 da na 220 a bango ɗaya. Kuma kada ka soka ko ka zare sharit inji yana kunne.