Gargaɗi: masu sayar da tsofaffin dikodojin canjin layi da sunan "sai an yi musu filashin"

Jama'a masu harhaɗa ƙananan jiragen ƙasa na kan tebur a Garwa, Marwa, Ngaundare da Njamena, a yi hattara da wata hanyar cuta da ke yawo a Facebook da WhatsApp. Mai kayan zai saka hoton tsofaffin dikodoji, wato ƙananan na'urorin da ke karɓar umarni su juya layi a mararraba, wurin canjin layin da ma'aikatan tashar jirgi ke kira egiyaj, ya ce daga Jamus suka sauka ta Duwala kuma kowace santaral, wato na'urar da ke aika umarni, suna bi. A tura kuɗi ta waya, ya sako kaya a motar ajans. In aka haɗa suka ƙi motsi, sai ya ce ai filashin, wato sake ɗora musu manhaja, ya rage, a mayar masa da su tare da ƙarin kuɗin aiki. Wani daga nan ba kaya ba kuɗi.

Kalmar filashin ita ce tarkon, domin mun saba da ita a dikodar tauraron ɗan'adam. Waɗannan ba haka suke ba. Tsohuwar dikoda k83 ta kamfanin Märklin, mai lamba 6083, yaren umarni na Motorola kaɗai take ji, babu kuma wata manhaja a cikinta da za a sauya ta koma DCC, wanda wani yaren umarni ne daban. Adireshinta da hannu ake sawa. A kwance murfin, za a ga jerin 'yan makunnai takwas, ƙanana kamar ƙwayar shinkafa, a tura su da tsinke. Don mararraba ta 1 zuwa 4, ana kunna na 2, 3, 5 da 7. Shi ke nan aikin, ba ya cin ko sisi. In santaral ɗinka ta DCC ce zalla, kamar LZV100 ta Lenz, k83 ba za ta taɓa amsawa ba ko da lafiyarta ƙalau. Mai santaral Intellibox ko ECoS kuwa zai iya morarta, in ya zaɓa wa wannan adireshin yaren Motorola. A kula da wayoyi ma, ja a gurbin ja, ruwan ƙasa a gurbinsa. In aka juya su tsohuwar k83 ba ta fahimtar umarni, sai a zaci ta mutu.

Su kuma na DCC, irin LS100 da LS150 na kamfanin Lenz, maɓalli ne a jikinsu. A danne shi har 'yar fitilar ta tsaya a kunne, a saki, sannan a aika umarnin juya mararraba daga santaral da lambar da ake so. Dikodar ta riƙe lambar. LS100 huɗu-huɗu take ɗauka, saboda haka mararraba ta 17 zuwa 20 duk dikoda ta 5 ce, ba za ka raba su ba.

A nan ne cuta ta biyu take, kuma ita ta fi ban takaici domin kayan lafiyayyu ne. Tsofaffin na'urorin Roco, irin santaral multiMAUS, suna ƙirga adireshin mararraba da tazarar huɗu. Dikodar da aka saita a kan 1 da santaral ta Lenz, a 5 za ta amsa a wurin Roco. Mai saye ya danna 1 ya ji shiru, mai sayarwa ya ce ƙwaƙwalwarta ta goge, a kawo kuɗin gyara. Kafin ka mayar da komai, gwada lambar da ka sani, ka ƙara mata huɗu, ka kuma rage mata huɗu.

Sai batun ƙonannun kaya. Dikoda mai mararraba huɗu ƙofofi takwas gare ta, wato wuraren haɗa waya inda wuta ke fita, biyu ga kowace mararraba, amma a bidiyon talla ƙofa ɗaya ake nuna maka tana ƙas-ƙas. In taransistar wata ƙofa, wato abin da ke kunna mata wuta ya kashe, ta ƙone ta haɗe, wuta ba ta yankewa, alhali kwayil ɗin mararraba, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke jan ƙarfen juyawa, ɗan bugu na ƙiftawar ido yake buƙata. Sai ka ji ƙaurin roba, ka taɓa ka ji zafi, robar ta narke ta riƙe ƙarfen da ke ciki. Ka yi asarar mararraba a kan dikodar da tun asali matacciya ce. Don haka kada a fara gwaji da mararraba. A sami ƙwan fitila mai bolt 16, a bi ƙofofin ɗaya bayan ɗaya. Ƙofa mai lafiya sai an ba da umarni take haskawa, ta kuma mutu. Wadda ta kama da kanta ba a danna komai ba, ta ƙone. Wadda ta ƙi kamawa sam alhali sauran suna amsawa, ita ma haka.

In an ce maka dikodar ta DCC ce ta wani sanannen kamfani, kuma tana karɓar karatu a layin saiti na santaral, karanta CV8, wato gurbin da ke riƙe lambar kamfanin da ya ƙera ta. Lenz 99 ce, ESU 151, Roco 161. A bar mararraba ko ƙwan fitila a haɗe lokacin karatun, domin da ɗan jan wuta na kusan miliamfa 60 dikoda ke ba santaral amsa. In babu abin da zai ja wutar, kuskure za ka gani a allo.

A duba taransifomar da ake haɗowa a matsayin kyauta. In an rubuta 110 ko 120 a jikinta, ta Amurka ce, wutarmu ta 220 za ta ƙona ta nan take.

Kafin kuɗi ya bar hannunka, nemi hoton cikin akwatin da murfi a buɗe, lambar samfurin tana fitowa sarai, da bidiyo guda marar yanka da ke nuna ƙofofi takwas duka suna aiki, da sunan santaral ɗin da aka yi gwajin da ita. In kana da ɗan'uwa a garin mai kayan, ya je da ƙwan fitila ya gani da idonsa, a biya a hannu bayan gwaji. Wanda ya ce sai an tura rabin kuɗi kafin ya ɗauki bidiyon, a bar masa kayansa, a kuma sanar da sauran 'yan ƙungiya.